BAYAN KYAMARA: Rigimar 'yan fim, kotu za a je ko zaure?

DUK wanda ya san harkar finafinan Hausa ya san ba a raba ta da rigima. Tun daga 1990 lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya' a Kano, har zuwa wannan zamani da ake zuba fim mai dogon zango a YouTube, da wuya wata ya kama ya mutu ba a ji an ce wane da wane ba sa ga-maciji da juna ba. Yau furodusa ne da darakta, gobe jaruma da 'yar'uwarta jaruma, jibi mawaƙi da mai situdiyo. To, wannan ba abin mamaki ba ne, ai zo mu zauna zo mu saɓa ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Abin dubawa shi ne abin da ke biyo bayan saɓanin. Wata rigimar kwana biyu take yi ta mutu, a wayi gari a ga mutanen a lokeshin ɗaya suna cin abinci a kwano ɗaya. Wata kuwa sai ta ci fim, ta ci jari, ta haɗa da zumuncin shekara goma. Idan mai karatu ya bi diddigi zai tarar sau da yawa girman laifin kusan ɗaya ne. Hanyar da aka bi ce ta bambanta: waɗancan sun samu wanda ya zaunar da su, waɗannan kuma an bar su da lauyoyi da 'yan kanzagi.

ME KE HAƊA SU?

Wannan industiri da yarda aka gina shi. A zamanin kaset, furodusa zai gama fim ɗinsa, ya buga kwalaye, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, su karɓa bashi, sai an sayar a zo a yi lissafi. Shi kansa furodusan yawanci kuɗin wani ne ya karɓo ya yi fim ɗin. Ɗan wasa kuwa waya kawai za a buga masa, "Akwai aiki ranar Asabar," ya ce, "Allah ya kai mu." Ba takarda, ba sa hannu, wani lokacin ko cinikin nawa za a ba shi ba a yi ba, sai an tashi daga aiki a damƙa masa abin da ya sawwaƙa.

Kasuwar kaset da sidi ta mutu, amma wannan ɗabi'ar tana nan da ranta. Abin da ya canza shi ne abin da ake faɗa a kai. Yanzu sai ka ji ana jayayya kan wane ne mai tashar YouTube ɗin da aka ɗora fim, wa ke da kuɗin tallar da ta shigo, wa ya fara kawo labarin, waƙar nan ta mawaƙi ce ko ta wanda ya biya kuɗin situdiyo. Masu bibiyar harkar ba su manta da ƙurar da ta tashi a farkon 2022 ba, lokacin da dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta yi ƙorafi a hirarta da BBC Hausa kan ƙanƙantar kuɗin da ake biyanta, wasu furodusoshi suka fito suka musa. Aka yi makonni ana cacar baki, kowa na faɗin nasa adadin, kuma da a ce akwai al'adar rubuta ciniki da magana ba ta yi tsawo haka ba.

Bayan kuɗi kuma akwai girma, wanda a wajen 'yan fim wani lokacin ya fi kuɗin zafi. An sa sunan wane a saman na wane a fosta. Yaron da aka koya wa aiki jiya ya samu suna, yau ya wuce maigidansa bai gaishe shi ba. An yi biki ba a gayyaci wance ba. A idon na waje waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke tsaga bango har ƙadangare ya samu wurin shiga.

ALƘALI DABAN, MAI SULHU DABAN

Mutane da yawa suna ɗauka sulhu wata ƙaramar shari'a ce da ake yi a falo. Ba haka ba ne. Alƙali aikinsa ya saurari hujja ya ce wane ne mai gaskiya, wane ne marar gaskiya, kuma hukuncinsa dole ne ko an so ko an ƙi. Mai sulhu ba ya yanke wa kowa hukunci. Nasa shi ne ya sa mutum biyu da suka daina jin juna su sake jin juna, har su da kansu su fito da mafitar da kowa zai iya zama da ita.

Wannan bambancin yana da nauyi sosai ga ɗan fim, saboda sana'ar ta cuɗanya ce. Ɗan kasuwar da ya yi shari'a da wani baƙo a kan fili zai iya cin shari'arsa ya tafi, ba zai sake ganin mutumin ba har abada. Furodusan da ya kai jarumi kotu kuwa fa? Gobe a Titin Gidan Zu za su haɗu. Editansu ɗaya, mai ɗaukar hotonsu ɗaya, wataƙila ma fim ɗin da ake rigimar a kansa saura fitowa goma a gama, kuma ba wanda zai iya ƙarasa su sai shi wannan jarumin. Kotu za ta iya sa a biya kuɗi, amma ba ta iya sa mutum ya tsaya gaban kyamara ya yi murmushi da zuciya ɗaya. Ga ɗage zama, ga kuɗin lauya, ga 'yan jarida a bakin ƙofa. Kafin a kai ga hukunci, labarin fim ɗin ya tsufa, jarumar ta yi aure, mai jari ya gaji ya janye.

Magabata sun san da haka. An ruwaito cewa Sayyadina Umar ya kasance yana son alƙalai su riƙa mayar da masu jayayya, musamman dangi, su je su sasanta tukuna, saboda hukuncin kotu yakan bar ƙulli a zuciya. Sannan kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san labarin Hajarul Aswad. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake ginin Ka'aba, Manzon Allah (SAW) yana da shekara 35, kabilu suka kusa zare takubba kan wa zai mayar da dutsen mazauninsa. Da aka sa shi a tsakani, sai ya shimfiɗa mayafi ya ɗora dutsen, ya ce shugaban kowace kabila ya kama gefe, suka ɗaga tare, shi kuma ya sa hannu ya ajiye shi. Kowa ya koma gida yana cewa da shi aka yi. Sirrin sulhu ke nan: a warware matsala ba tare da an kunyata kowa ba.

DARASIN 2000 DA NA 2007

Industirin kansa ya ɗanɗana hanyoyin biyu, kuma ya san wadda ta fi daɗi. A watan Disamba na 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da shiryawa da sayar da finafinai. Hankalin kowa ya tashi, domin dubban matasa ne ke cin abinci a harkar, daga 'yan wasa har masu tura kaset a baro. Da 'yan fim sun bi zafin zuciya a lokacin, da sai dai a yi ta musayar baƙaƙen maganganu da malamai. Sai shugabanninsu, a ƙarƙashin ƙungiyar MOPPAN, suka zaɓi su zauna da gwamnati. Gwamnati da malamai suna tsoron lalacewar tarbiyya, 'yan fim suna tsoron rasa abinci. Da kowa ya faɗi abin da yake tsoro, sai aka ga ashe akwai hanyar da za ta ɗauki ɓangarorin biyu. A farkon 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, aka ci gaba da aiki bisa sharuɗɗa. Ba wanda ya samu duk abin da yake so, amma cikin 'yan watanni kyamara ta koma aiki.

Sai kuma 2007. Bayan abin kunyar da ya faru a watan Agusta na shekarar, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugabancin hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wata shida. A wannan karon kotun tafi-da-gidanka ce ta fi yin magana. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan kundin waƙoƙinsa na 'Bahaushiya'. An ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008. A ƙarshen wannan shekarar aka yanke wa Alhaji Hamisu Lamido Iyan-Tama hukuncin ɗauri dangane da fim ɗinsa 'Tsintsiya', ya kwashe watanni a gidan yari kafin ya fito a 2009. Abin ban takaici, 'Tsintsiya' fim ne da ke kira ga zaman lafiya tsakanin kabilu da addinai. Su ma 'yan fim suka yi ta shigar da ƙara. Sakamakon da kowa ya gani da idonsa shi ne da yawa daga cikinsu sun tattara kayan aiki sun koma Kaduna da wasu garuruwan, kuɗin da ya kamata a kashe a Kano aka je aka kashe a wani wuri.

Kowa yana da ra'ayinsa kan wa ke da gaskiya a wancan rikici, kuma har yau ana jayayya a kai. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, matsalar 2000 da aka zauna a kanta watanni ta ɗauka, ta 2007 da aka bar wa sammaci da beli kuwa shekaru ta ci.

ALI DA ADAMU

A tsakanin ɗaiɗaikun 'yan wasa, babu misalin da ya fi na Ali Nuhu da Adam A. Zango fitowa fili. Manyan jarumai ne guda biyu, kowa da kamfaninsa, kowa da yaransa, kowa da dubban masoya. An sha jin kansu ana shirya su. Amma a watan Afrilu na 2019 abin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Adamu ya fito a Instagram yana ƙorafin cewa yaran Ali suna zagin mahaifiyarsa, ya kuma faɗi maganganu masu zafi. Ali ya ga an ɓata masa suna, ya kai ƙara kotu a Kano. Industiri ya dare gida biyu, masoya suka wasa wuƙa, kowa na jiran ranar shiga kotu kamar ranar fitar sabon fim.

Manyan industiri ne suka shiga tsakani. Aka zauna, aka ba da haƙuri, aka janye ƙara, sai ga hotunansu tare suna yawo a waya. Mai karatu ya ƙaddara da an bar shari'ar ta tafi. Da lauyan kowane ɓangare sai ya tono duk abin da zai iya tonowa a kan ɗayan, a gaban jama'a, a rubuce. Da duk furodusan da ke son haɗa su a fim ɗaya sai ya haƙura. Da ƙananan 'yan wasa kowa sai ya zaɓi gida, wanda ya gaisa da wancan ɓangaren a ce ya ci amana. Ko wa ya ci shari'ar, asarar ta kowa ce.

Haka kuma batun Rahama Sadau. A watan Oktoba na 2016 MOPPAN ta kore ta daga industiri saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Kora hukunci ne, kuma hukuncin bai kashe maganar ba, sai ma ya kai ta jaridun ƙasashen waje. Abin da ya kwantar da ƙurar shi ne takardar neman afuwa da ta rubuta a 2017, da kuma mutanen da suka yi ta kai gwauro suna kai mari a tsakani, har aka yafe mata a farkon 2018. Ƙungiya ta tsira da girmanta tunda an nemi afuwarta, jaruma ta tsira da sana'arta. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne.

YADDA ZAMAN YAKE TAFIYA

Masoya hoton ƙarshe kawai suke gani, an yi musabaha ana dariya. Aikin gaskiya kafin hoton ake yin sa. A ɗauki misali: furodusa ya ba jaruma rabin kuɗin aiki, aka ɗauki kwana uku, rana ta huɗu ba ta zo lokeshin ba, ta kashe waya. Ya yi asarar kuɗin hayar kyamara, da na mota, da na abincin mutum talatin. Ya rantse sai ta biya shi. Ita kuma ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta koma ba.

Matakin farko shi ne samun wanda dukkansu suka yarda da shi. Idan aka kawo ubangidan furodusan, jarumar za ta shigo da shirin kare kai, ba za ta buɗe baki ba. Shi ya sa aka fi neman dattijon da ba ya cin abinci a hannun ko ɗaya daga cikinsu, wanda kuma aka san bakinsa da nauyi.

Dattijon kirki ba ya fara haɗa su. Sai ya ga kowa shi kaɗai, ya bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa. A nan ne gaskiyar magana ke fitowa. Furodusa zai fara da lissafin asara, amma can ƙasa abin da ke cin sa shi ne mai jarin da ya ba shi kuɗi yana neman mayar da shi maƙaryaci. Jaruma za ta fara da cewa ba ta da lafiya ne, sai an jima ta ce, "Wallahi Baba, a gaban yara ya daka mini tsawa, har da cewa shi ya yi ni." Ka ji asalin ciwon! Da a kotu ne, ba wanda zai tambaye ta wannan, domin tsawa ba ta cikin takardar ƙara. Ga shi kuwa ita ce ta tsayar da fim.

Sai an san inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi sannan a haɗa su. A sa ƙa'ida tun farko: ba katse magana, ba zagi, waya a aljihu, abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya. Wannan sirrin shi ne jarin mai sulhu. Ba wanda zai ce "na yi kuskure" idan ya san kafin magariba maganar ta hau TikTok. Mai sulhu sai ya riƙa tace magana yana miƙawa. Idan furodusa ya ce, "Yarinyar nan ba ta da mutunci," dattijo sai ya juya ya ce, "Kin ji, yana nufin rashin zuwanki ya jefa shi cikin kunya a wajen mai kuɗi." Magana ɗaya ce, amma an cire mata ƙaya.

Daga nan sai a zo kan mafita, kuma su ake bari su kawo ta. Wataƙila ta yarda ta ƙarasa aikin, ta yafe wani abu daga cikon kuɗinta saboda asarar ranar. Shi kuma ya ba ta haƙuri a gaban ma'aikatan da ya yi mata tsawa a gabansu, tunda a nan aka yi ɓarnar. A sa rana, a sa adadi, a rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Bayan mako guda dattijo ya buga waya ya ji ko an cika alkawari. Fim ya fito, kowa ya ci abinci.

SULHUN "A YI HAƘURI"

To amma fa akwai wani abu da ake yi a industiri a kira shi sulhu, alhali danniya ce aka sa wa riga. Yaro mai riƙe fitila ko mai kwalliya ya yi aikin wata guda ba a biya shi ba. Ya kai kuka wajen manya. A kira shi a kira oga, a yi addu'a, a ce, "Kai yaro ne, ka yi haƙuri, gaba ta fi baya yawa." Ya tashi hannu rabbana, har ma a sa shi ya ba ogan haƙuri don ya kai ƙararsa. A ɗauki hoto a ce an sasanta.

Wannan ba ya kashe wuta, toka kawai yake rufa mata. Yaron zai yi shiru saboda yana tsoron kada a daina kiran sa aiki, amma ranar da ya samu bakin magana, ko ya samu mabiya a waya, duk sai ya fasa ƙwai. Da yawa daga cikin tone-tonen asirin da ake gani a yau tsofaffin haƙƙoƙi ne da aka danne da "a yi haƙuri". Malamai sun bayyana cewa sulhun da zai halatta haram ko ya haramta halal ba sulhu ba ne, cin guminsa kuwa haram ne ko da an buɗe taro da addu'a an rufe da addu'a. Yafiya tana da daɗi ne idan mai haƙƙi ya san zai iya karɓar abinsa, sannan ya bari don kansa. Don haka ma'aunin sulhu mai sauƙi ne: a dubi wanda ya fi rauni a ɗakin, a ga da me ya fita.

Sannan ba kowace magana ce ta zaure ba. Idan aka ce an yi wa yarinya fyaɗe, ko an nemi a yi lalata da ita kafin a sa ta a fim, ko an yi wa wani dukan kawo wuƙa, wannan laifi ne da hukuma ya kamata ta ji. Rufe irin wannan da sunan kare mutuncin industiri shi ke ba mai laifin damar ya sake yi wa wata.

IDAN MANYA SUN KASA FA?

Wani zai ce, to idan babu dattijon da aka yarda da shi, ko ogan ya fi ƙarfin ƙungiya, sai kotu ke nan? Akwai tsani a tsakani, kuma 'yan fim da yawa ba su san da shi ba. A Kano, Hukumar Hisbah da aka kafa da doka a 2003 ta daɗe tana zaman sasanta ma'aurata da masu bashi da maƙwabta. Bayan ita kuma akwai sashen sulhu na Babbar Kotun Jiha, wanda aka buɗe a 2009, irin wanda Legas ta fara buɗewa a 2002, Abuja ta bi a 2003. A can ƙwararren mai shiga tsakani ne zai zauna da ku a ɗaki, ba 'yan kallo. Idan kun daidaita a rubuta, alƙali ya sa hannu, takardar ta zama daidai da hukuncin kotu, wanda ya saɓa a tilasta masa. Idan ba ku daidaita ba, ƙofar shari'a tana nan a buɗe, ba abin da aka rasa.

A watan Mayu na 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar tarayya ta sasanci da shiga tsakani, wadda ta maye gurbin ta 1988. Abu biyu a cikinta sun shafi ɗan fim kai tsaye. Na ɗaya, yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar mai shiga tsakani tana da ƙarfin da kotu za ta iya tilasta a cika ta. Na biyu, maganar da mutum ya faɗa a zaman sulhu sirri ce, ba a ɗauko ta a kafa masa hujja da ita a kotu daga baya. Ke nan wanda ke tsoron kada "na yi kuskure" ta zama igiyar da za a ɗaure shi da ita, doka ta cire masa wannan tsoron.

Abin da ya rage wa ƙungiyoyin 'yan fim shi ne su daina jiran sai wuta ta kama sannan a fara neman guga. Kowace ƙungiya, ta furodusoshi ce ko ta daraktoci ko ta 'yan wasa, tana buƙatar tsayayyen kwamitin sulhu da kowa ya san mutanen cikinsa, da mata a ciki, domin akwai maganar da jaruma ba za ta taɓa faɗa a gaban maza zalla ba. Kuma kowane aiki, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shi ko da a takarda ɗaya ce: nawa ne, kwana nawa ne, yaushe za a biya, wa za a je wajensa idan an saɓa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

SAURA KU, MASOYA

Akwai ɓangare na uku a kusan kowace rigimar 'yan fim ta wannan zamani, wanda ba a gayyatar sa zaman sulhu amma ya fi kowa iya rushe shi. Su ne masoya. A da, mai son jarumi sai ya sayi mujalla, in ya ji haushi ya rubuto wasiƙa, kafin a buga ta wata ya wuce, zuciya ta huce. Yanzu cikin minti biyar an buɗe shafi da sunan jarumi, an zagi uwar abokin faɗansa. Shi kuma wanda aka zaga ba zai ce wani yaro ne a wani gari da bai taɓa ganin jarumin ido da ido ba, cewa zai yi turo shi aka yi. Rigimar 2019 ai daga irin wannan zage-zagen ta taso.

Sannan idan an shirya, sai ka ji wasu suna cewa, "Kai, gwaninmu ya ba da mu, don me zai ba da haƙuri?" Irin wannan maganar ce ke sa jarumi ya ƙi zuwa zaman sulhu, ko ya je ya dawo ya warware, don kada a ce ya ji tsoro. Mai son jarumi da gaske finafinansa yake son gani, kuma fim ba ya yiwuwa sai da abokan aiki. Duk ranar da manyan jarumai biyu suka raba gari, masu kallo ne ke asarar finafinan da da za su fito tare a ciki, ƙananan ma'aikata kuma su yi asarar aikin.

Saboda haka idan aka wayi gari gwaninka ya yi faɗa da gwanin wani, kafin ka ɗauki waya ka tuna cewa mai yiwuwa a daidai wannan lokacin akwai wani dattijo da ke zarya tsakanin gidajensu yana lallashi, kuma kalma ɗaya daga gare ka za ta iya mayar masa da aiki baya. In ba za ka iya cewa "Allah ya daidaita su" ba, to shirun ma taimako ne.

Allah ya kyauta. Sai wata mai zuwa, in da rai da lafiya.